Tsohon jirgin ruwa mai inji: a gyara ko a bari?

Yau zancenmu na masunta ne da masu fito, daga Ayoru har Gaya.

Akwai jirgin da ake yi da zaren gilashi da ƙaro. Ba ya tsatsa, gara ba ta cin shi. Shi ya sa in mutum ya ga tsohonsa a bakin kogi, sai ya ce ya samu araha.

A yi hankali. Bangon baya, inda ake ɗaura inji, galibi akwai katako a cikinsa. In ruwa ya shiga ta ramin ƙusa, sai katakon ya ruɓe, ido bai gani ba. Ku ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. In kun ji bif-bif, akwai ruwa ciki. Ku kama injin ku girgiza. In bangon ya motsa, aiki babba ne. In ya ɓalle tsakiyar kogi kuwa, zancen rai ne.

Ƙaramar huda ba komi, ana liƙe ta. Inji shi ke cin kuɗi. Ku duba man da ke wajen farfela. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga.

In bango da inji duka sun lalace, ni dai na ce a bar shi.