Me ya sa masu shafukan intanet ke rububin hawa saman jerin Google?

Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet ta Google yake bi. Saboda haka matsayin shafi a jerin sakamako tamkar wurin rumfa ne a kasuwa: na bakin ƙofa ke fara samun masu saye, kuma ƙalilan ne ke leƙa shafi na biyu na sakamakon.

Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google a 1998, sun ɗora shi kan tsarin PageRank. Tsarin na ɗaukar duk mahaɗar da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin ƙuri'a, kuma ƙuri'ar shafi mai daraja ta fi nauyi. Daga nan aka fara cinikin mahaɗai. A 2011 Google ya jefa shafin kamfanin JCPenney na Amurka can ƙasa, bayan jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗan bogi da suka ɗaga shi sama.

A 2016 Google ya daina nuna wa jama'a makin PageRank, amma tasirin matsayi yana nan. Shafin da ya sauka a jerin, masu ziyararsa na raguwa, kuɗin tallarsa ma haka.