Kiɗan Taron Turawa Da Na Ƙofar Fadar Lafiya

A unguwar Onikan ta birnin Ikko akwai zauren ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, inda akan je sauraron kiɗan taro irin na Turawa, watau simfoni. Makaɗa sittin, wani lokaci har ɗari, su kan zauna rukuni huɗu: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa da danginta, masu ƙahonin tagulla, da masu ganguna. Madugunsu na tsaye da 'yar sanda, kowa kuma da takarda a gabansa. Mai sauraro ba ya magana, ba ya liƙi, ba ya tafa hannu sai an kai ƙarshe.

Mutumin Lafiya da ya shiga wannan zaure ba zai zama baƙo ƙwarai ba. Kafin a fara, wani abin busa mai suna obo shi ke ba da murya, sauran su daidaita da shi. Obo kuwa ɗan'uwan algaita ne, manyan gangunansu kuma sun yi kama da tambari. Ran Salla, in Sarkin Lafiya ya hau, kakaki da algaita da ganguna su kan haɗu, kowane mabushi ya san inda zai shiga da inda zai tsaya. Al'adar ta daɗe, gama Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano.

Inda suka tsere mana shi ne takarda. Beethoven, mutumin Jamus, ya rasu tun 1827, amma har gobe ana kaɗa abin da ya tsara domin ya rubuta shi. Haka Fela Sowande, haifaffen Abeokuta, ya rubuta waƙoƙin Afirka ta Yamma don masu goge, suka zaga duniya. Namu kuwa a ka yake. Uba ke koya wa ɗa taken sarakuna, in ɗan ya kama wata sana'a, ranar da tsohon ya cika sai take ya bi shi kabari.

Saboda haka ya kamata Jami'ar Tarayya ta Lafiya ta haɗa kai da fada, a zauna da tsofaffin mabusa, a ɗauki busarsu a faifai, a rubuta ta, a kuma ba yaran da ke koyo ɗan alawus. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.