Danga, Kara da Mai Ɗauri

Duk wanda ya taɓa yin lambu a bakin gari ya san akuya ba ta bin danga tana gwadawa daga farko har ƙarshe. Kafa ɗaya take nema. In ta samu inda gara ta ci dirka, ko inda igiya ta saki, to shi ke nan, sauran ɗaurin komai kyansa ya tashi a banza. Haka masu tsaron baya suke a ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana gwabzawa. Mutum 11 ne a fili, aikinsu su hana abokan karawa cin yadi 10 a gwaji huɗu, shi kuwa mai jefa ƙwallon ɗaya ɓangaren ba abin da yake laluba sai raggon cikinsu.

Idan dabbobi suka yi ɓarna, wa za a tuhuma: mai ɗauri, ko karan da aka ba shi, ko garar da ta shiga? Labarin Robert Saleh, wanda ya yi kocin tsaron San Francisco 49ers, ya isa misali.

A 2018 yaransa sun cafke jifar abokan hamayya sau 2 kacal a kakar wasa guda, abin kunya ke nan a gasar NFL, kuma ƙungiyar ta ci wasa 4 ta sha kashi a 12. Magoya baya suka yi ta cewa a sallame shi. Shekara na zagayowa aka ɗauko matashi Nick Bosa, aka sayo Dee Ford, aka haɗa su da DeForest Buckner da Arik Armstead a sahun gaba. Nan sirrin yake. Idan mutum huɗun gaba suka iya takura wa mai jifa su kaɗai, bakwai za su tsaya a baya su toshe hanyoyi. In ba su iya ba, dole koci ya ciro na baya ya tura gaba, wato ya zare kara daga wannan kusurwa ya toshe waccan, akuya kuma tana kallo. A 2019 Saleh bai cika bukatar wannan cacar ba. Suka ci wasa 13, suka kai wasan ƙarshe na Super Bowl, inda Kansas City Chiefs ta doke su 31 da 20.

Sai 2020. Da yake gasar ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, tun a watan Maris aka miƙa Buckner ga Indianapolis Colts. A wasa na biyu, Bosa da Solomon Thomas suka tsinke jijiyar gwiwa a rana ɗaya. Ford wasa ɗaya ya buga a shekarar, Richard Sherman kuwa 5. A ganina a nan ne aka ga gwanintar Saleh, fiye da shekarar da komai ya zauna masa daidai. Ya ƙara yawan tura na baya gaba, ya jingina da Fred Warner a tsakiya, ya fitar da amfani daga irin su Kerry Hyder da ba wanda ya sa wa ido. Ƙungiyar ta ƙare da nasara 6 kawai, amma tsaronta ya zo na 5 wajen hana cin yadi.

Ganin haka New York Jets ta ɗauke shi babban koci a Janairun 2021. Mai ɗaurin bai canza ba, dabarar ma haka, amma karan da ya tarar ruɓaɓɓe ne: tsaron Jets ne ya zo na ƙarshe cikin ƙungiyoyi 32. Da aka kawo masa Sauce Gardner da D.J. Reed a 2022, sai ga su a mataki na 4. Masu cewa koci ne komai, da masu cewa ba ya tsinana komai, duk shekara ɗaya suke ɗauka su yi hukunci da ita.

Jets ta sallame shi a Oktoban 2024, bayan wasa 5, alhali inda ƙungiyar ta fi ciwo shekara da shekaru shi ne wajen masu kai hari. A Janairun 2025 49ers ta sake kiransa kan tsohon aikinsa.