Shirin Musamman: Barewa, Raƙumin Dawa da Mu

(Kiɗan taken shiri)

Jama'a masu sauraro, na Mashi da kewaye, da na Dutsi da Daura da Mai'adua, har ma da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka,  shirinmu na yau zai leƙa daji ne, amma ba don farauta ko saran itace ba. Za mu yi magana a kan fita da ƙafa don kallon namun dawa da tsuntsaye.

Duk dattijon da ya haura shekara saba'in a ƙasar nan, in ka zauna da shi, zai ba ka labarin lokacin da barewa ke ratsa gonaki, tuje na yawo a fako, gauraka kuma na sauka a fadama. Yau yaro ɗan sakandare ya san sunan barewa a karin magana, amma bai taɓa ganin sawunta ba. Ko ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, ta yi wuyar gani, har masana sun sanya ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa tun 2015. Guba da farautarta don tsibbu na cikin abin da ya cinye ta.

To shin abin da ya tafi yana dawowa? Amsar tana arewa da mu, a jihar Maraɗi ta Nijar.

(Gajeren kiɗa)

In ka bi ta Katsina da Jibiya ka shiga Maraɗi, ka miƙa arewa ka wuce Dakoro, za ka iso Gadabeji. An keɓe wannan gandun daji a 1955, faɗinsa kadada 76,000. Ba kurmi ba ne. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai tuddan yashi da ciyawa, da aduwa da farar ƙaya jefi-jefi, inda ido ke kaiwa nesa ba abin da ya tare shi. An keɓe shi ne domin mariri da barewa da jimina. Duk da haka, fari na shekarun 1970 da bindigar mafarauta suka haɗu suka yi masa ɓarna. Mariri ya ɓace, raƙumin dawa ma ya ɓace.

Raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya kusa shafewa daga doron ƙasa. A 1996 guda 49 kacal suka rage, dukansu a yankin Kure da ke kusa da Yamai, suna kiwo a tsakanin gonakin talakawa. Gwamnatin Nijar ta tsananta tsaronsu, mutanen ƙauyukan suka rungumi abin, wasu matasansu suka zama 'yan rakiyar baƙi suna samun abin kai wa gida. Kafin 2018 sun haura 600. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka ɗauki guda takwas a manyan motoci, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su, aka sake su a Gadabeji, bayan kusan shekara hamsin rabon wurin da irinsu. Shekara guda kafin haka, a 2017, hukumar UNESCO ta riga ta sanya yankin cikin wuraren da ake tattalin halittu tare da mutanen da ke zaune a ciki, wato Fulani da Buzaye makiyaya. Mariri kuwa, wanda aka bayyana ƙarewarsa a daji a 2000, an mayar da shi ƙasar Chadi daga 2016, yana kuma hayayyafa.

Wannan ya nuna mana dabba ba ta ƙin ƙasa haka kawai. In aka daina kashe ta, aka bar mata ciyawa da inuwa, tana dawowa.

(Gajeren kiɗa)

Yaya ake irin wannan fita? Sammako shi ne tafiya. Da an idar da sallar asuba ake kama hanya, domin da hantsi ya dubi ludayi dabbobi sun shige inuwa, sai kuma bayan la'asar. A sa tufafi masu kalar ƙasa, a bar farar riga da turare a gida. A sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da ƙaya da maciji, a ɗauki isasshen ruwa. A sa iska a gaba, kada ta kai wa dabba ƙanshin mutum. Sannan a rage surutu, a kashe ƙarar waya. Mai kallon daji yana yawan duba ƙasa, don sawu da kashi da ragowar abin da aka ci su ke gaya masa wanda ya wuce da dare: dila ne, ko yanyawa, ko bushiya. Ba a bin dabba da gudu, ba a taɓa sheƙa, ba a kunna wuta, ba a kuma yar da leda.

Sai maganar tsaro, wadda ba a wasa da ita. Mun san halin rashin tsaro da dajin Rugu ya shiga, kuma a Kure kanta an kashe mutum takwas a watan Agusta na 2020. Kada kowa ya shiga gandun daji sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan wurin, ya kuma bincika halin hanya da na iyaka kafin ya tashi.

Wanda bai samu zuwa Gadabeji ba, bai rasa abin kallo ba. Da hunturu, a je bakin madatsun ruwa na Daberam da Sabke, a zauna a natsu. Za a iya ganin zalɓe da balbela da kirinjijiya, da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa waɗanda suka ƙetaro hamada daga Turai don gudun sanyi. Mai hali ya ƙarasa Baturiya a Jigawa ko Dagona a Yobe, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda suke sauka dubbai. Shamuwa kuwa har gida take iske mu gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, in kaka ta yi ta koma kudancin Afirka.

A wasu ƙasashen sai da aka yi gwagwarmaya kafin talaka ya samu damar irin wannan yawo. A Ingila, a 1932, ɗaruruwan ma'aikata suka hau tudun Kinder Scout da masu ƙasa suka killace don farauta, har aka ɗaure wasunsu. A 1951 yankin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a can. Mu filin na nan a buɗe, masaniyar ce ke neman kuɓuce mana.

Masaniyar kuma tana hannun tsofaffin maharba da makiyaya, masu gane tsuntsu da kukansa, su gane dabba da sawunta. Don haka muna kira ga malaman makaranta: ku nemi izinin mai gari, ku gayyaci ɗaya daga cikin dattijan nan, ku fita da ɗalibai bayan gari ko sau ɗaya a zango, su rubuta sunan duk abin da suka gani da ranar da suka gan shi. Iyaye, ku sa ido a kan danƙon da ke hannun yara. Manoma, ku bar tohon gawo da aduwa da magarya su tashi a gona, kamar yadda manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980 har suka dawo da miliyoyin itatuwa. Ƙananan hukumomi kuma su kare burtali da ragowar gandun daji daga masu gatari.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Duk wanda ya san wani wuri a ƙasarmu da har yanzu ake ganin barewa ko tuje ko gauraka, ya aiko mana da labari mu karanta a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. 

(Kiɗan rufewa)