Fadama: Kalmar Manoma Da Ta Shiga Bakin Turawa

Duk ɗalibin da ya zauna darasin labarin ƙasa a makarantun Keffi, daga unguwar Liman Abaji ya fito ko daga Tudun Kofa, ya ji an ce garinsu yana cikin yankin Guinea savanna. Yakan haddace sunan saboda jarrabawa, alhali abin da ake nufi yana nan bayan gari: fili mai doguwar ciyawa, ga kaɗanya da ɗorawa da maje jefi-jefi, da damina ya yi kore shar, da rani ya bushe ƙayau har gobarar daji ta lashe shi.

Ita kanta savanna baƙuwa ce a Turanci. Mutanen Taino na tsibiran Karebiyan ne ke kiran filayensu da ita, Sifaniyawa suka ɗauko daga bakinsu, sannan ta shiga Turanci a ƙarni na 16. Halin Turanci ke nan, duk ƙasar da ya sauka sai ya ari sunan da ya tarar. A Amurka da Kanada prairie ake cewa, daga Faransanci. A Ajantina kuwa pampas, daga harshen Kecuwa. Mutanen Afirka ta Kudu veld suka sani, har sun raba shi gida-gida: akwai Highveld, tudun da Johannesburg ke kai, akwai Lowveld inda gandun dajin Kruger yake.

A Nijeriya, littafin da masanin tsirrai R. W. J. Keay ya fitar a 1949 ya taimaka wajen kafa rabon da ake koyarwa har gobe: Guinea a tsakiyar ƙasa inda Keffi take, Sudan a wajajen Kano da Katsina da Sakkwato, sai Sahel can kusa da Tafkin Chadi.

Manomi Bahaushe ba haka yake raba ƙasa ba. Shi abin da ya dame shi, ina ruwa ke kwanciya, ina kuma yake gudu. Akwai tudu da jigawa, inda ake shuka gero da dawa da gyaɗa a jira ruwan sama. Akwai kuma fadama, wato ƙasa mai kwari a gefen kogi ko rafi, wadda ruwa ke malalewa a kanta da damina, ta riƙe danshi bayan ko'ina ya bushe. A nan ake shinkafa da rake, a nan ake lambun tumatir da albasa da alayyafo, a nan kuma shanu ke samun ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Wanda ya bi gefen kogin Antau da ya ratsa Keffi zai ga bambancin da idonsa.

Irin wannan ƙasa mai ciyawa da ruwa ce ta jawo makiyaya zuwa yankin tun farko. Tarihin garin ya nuna Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, shi ya kafa Keffi wajajen 1800, kuma kiwon shanu ne ya fara kawo shi.

Da jami'an gona da masu auna ƙasa na zamanin Turawa suka zo rubuta rahotanni, ba su sami kalma guda a harshensu da ta ɗauke wannan ma'ana duka ba. Fadama ba gulbi ba ce, ba tafki ba ce, ba kuma sarari ba ce kawai. Sai suka rubuta ta yadda suka ji ta. Haka aka yi a Zambiya da Malawi, inda irin wannan fili ya shiga Turancinsu da sunan dambo.

Abin da ya ƙara fito da kalmar duniya shi ne kuɗi. A 1992 Bankin Duniya ya amince da bashin Shirin Bunƙasa Fadama na Ƙasa, wanda ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa a tsakanin manoman rani. Kashi na biyu ya biyo baya a 2004, na uku kuma, wanda aka amince da shi a 2008, ya game jihohi 36 da Abuja. Yau a Ibadan ko Inugu, mutumin da bai iya ko "sannu" ba zai ce maka ya je ofishin Fadama. A bakinsa kalmar ta tashi daga sunan ƙasa ta koma sunan tallafin gwamnati.

Wannan sauyi yana da nauyi. A takardun hukuma fadama ta fi karkata ga ma'anar filin noman rani, alhali a Hausa ta kowa ce: manomi, makiyayi, masunci, mai yankan ciyawar zana, har da mai haƙar yumɓu. Lokacin da lambuna suka mamaye mashaya da burtali, rikici tsakanin manoma da makiyaya ya ƙaru a wurare da dama. Shi ya sa kashi na biyu na shirin ya sanya makiyaya da masunta cikin waɗanda za a zauna da su kafin a yanke shawara.

Kalmar ta yi tafiya da ƙafar Hausawa ma. A birnin Accra na Ghana akwai unguwannin Old Fadama da New Fadama, kuma a ta biyun ne Babban Limamin Ghana, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, yake zaune. Ba fadama kaɗai ce kalmar Hausa da ta yi nisa ba: ciyawar gamba da ake saƙa zana da ita ma, da sunanta na Hausa aka san ta a Ostareliya. An kai ta can don kiwo a shekarun 1930, ta bazu a arewacin ƙasar tana rura gobarar daji, har aka sanya ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa a 2012.

Malaman labarin ƙasa na Keffi suna da abin koyarwa a ƙofar gida. Idan sun gama bayanin Guinea da Sudan a kan allo, ya kamata su fita da ɗalibai zuwa bakin Antau, su nuna musu inda tudu ya ƙare fadama ta fara, su kuma gaya musu su wane ne ke da haƙƙi a cikinta.