Kantin manhajojin wayar salula: gasar Apple da Google da inda ta tsaya

1. Gabatarwa

Idan ana zancen wayar salula ta zamani akan ce akwai gasa mai zafi tsakanin kamfanin Apple da na Google, saboda haka mai saye ba shi da abin kuka: wanda iPhone ba ta yi masa ba, sai ya koma Android. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa maganar gaskiya ce a ranar sayen waya kawai. Da zarar wayar ta shiga aljihu, tambayar takan sake: wa ke da ikon cewa ga manhajar da za ta shiga, ga hanyar biya, ga la'adar da za a cire?

Da kalmar manhaja muna nufin kowane aiki da ake ɗora wa waya, kamar WhatsApp ko wasa ko ƙamus. Uwar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da wayar kanta, wato iOS ta Apple ko Android ta Google. Kanti kuwa shi ne inda ake sauko da manhajoji.

2. Yadda aka rage saura biyu

iPhone ta fito a shekarar 2007. A watan Yuli na 2008 Apple ya buɗe kantinsa, App Store, da manhajoji kimanin 500. A watan Oktoba na wannan shekara Google ya buɗe Android Market, wanda aka sake wa suna Google Play a 2012. A lokacin akwai Symbian ta Nokia, akwai BlackBerry, daga baya ga Windows Phone ta Microsoft. Dukansu sun faɗi, kuma babban dalili shi ne wanda kowane ɗan kasuwa ya sani: mai kaya ba ya kasa su inda babu masu saye, masu saye kuma ba sa zuwa inda ba a kasa kaya ba. Microsoft, duk da dukiyarsa da sayen sashen wayoyin Nokia da ya yi a 2014, bai samu masu ƙera manhaja sun bi shi ba, har a 2017 ya bayyana cewa ya daina ƙara wa tsarin wani sabon abu.

3. Ƙa'idojin kanti

Tun farko Apple ya tsaya a kan ƙa'idoji uku. Ta farko, babu manhajar da za ta shiga iPhone sai ta App Store, bayan ma'aikatan kamfanin sun duba ta. Ta biyu, duk abin da ake sayarwa cikin manhaja wanda ba a taɓa shi da hannu (kuɗin wata na sauraren waƙa, kayan wasa, littafin da ake karantawa a waya) sai an biya ta hanyar Apple, shi kuma ya cire kashi 30 cikin 100. Kayan da ake kai wa mutum gida ko kuɗin mota ba sa cikin wannan. Daga 2021 an rage la'adar zuwa kashi 15 ga waɗanda cinikinsu bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. (Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.)

Ƙa'ida ta uku ba a cika ambatarta ba, alhali a ganinmu ita ce ke riƙe da sauran. An hana mai manhaja ya gaya wa mai saye cewa kayan nan sun fi araha a shafinsa na intanet. La'adar dillali ba baƙon abu ba ce a wurinmu, kuma ba wanda ke ganin laifinta, domin dillali yana haɗa mutane, yana tsaya wa ciniki. Amma dillalin da shi ne sarkin kasuwa, shi ke da ƙofa ɗaya tak ta shiga, yana da rumfarsa a ciki yana sayar da irin kayanka, sa'an nan ya hana ka buɗe baki ka ce akwai wata kasuwa a gaba, wannan ya wuce dillanci. Halin da Spotify ya samu kansa ke nan gaban Apple Music.

Hujjar Apple ita ce tsaro, kuma bai kamata a raina ta ba. Waya tana ɗauke da hotuna, da saƙonni, da asusun banki, kuma duba manhaja kafin a sake ta yana tare ɓarayi da dama. Sai dai hujjar ta fi ƙarfi a kan ƙa'ida ta farko. Ba mu ga yadda hana faɗar farashi ke kare kowa daga ɓarawo ba. Ban da haka, kwamfutar Mac ta wannan kamfani tana karɓar manhaja daga waje.

4. Shari'a biyu, hukunci biyu

Ranar 13 ga Agusta 2020 kamfanin Epic Games ya karya ƙa'ida da gangan: ya sanya hanyar biya tasa cikin wasan Fortnite, a farashi mai rahusa. A ranar Apple da Google suka cire wasan daga kantunansu, a ranar kuma Epic ya kai su duka biyun kotu a Amurka.

Mai karatu zai zaci Apple, da ya kulle ƙofa gaba ɗaya, shi zai sha kaye. Akasin haka aka yi. A watan Satumba 2021 mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta ba Apple gaskiya a tara daga cikin tuhuma goma. Rigimar ta ta'allaƙa ne a kan tambayar da ɗaliban tattalin arziki suka sani, wato ina iyakar kasuwar da ake magana a kai. Epic ya ce iPhone kasuwa ce mai zaman kanta, Apple ke riƙe da ita duka. Mai shari'ar ba ta yarda ba. Ta ɗauki cinikin wasanni a wayoyin hannu baki ɗaya, inda Apple ke da babban rabo amma ba shi kaɗai ba. Abu ɗaya ta soke, ƙa'idar nan ta uku. Da lokacin aiwatarwa ya zo a 2024, Apple ya yarda a nuna wa mai saye hanyar waje, amma ya ɗora la'adar kashi 27 a kan abin da aka saya ta can. In aka ƙara kuɗin da masu katin banki ke cira, an koma gidan jiya. A watan Afrilu 2025 mai shari'ar ta yanke cewa kamfanin ya saɓa wa umurninta da gangan. Apple ya ɗaukaka ƙara.

Google kuwa, wanda wayoyinsa ke karɓar manhaja daga ko'ina, shi masu taya alƙali yanke hukunci suka samu da laifin mamaye kasuwa a watan Disamba 2023. Dalilin yana da muhimmanci. Apple shi ke ƙera wayarsa, ba ya bukatar yarjejeniya da kowa don ya kulle ta. Google kuwa Samsung da sauransu ke ƙera wayoyin Android, saboda haka sai da ya bi da kuɗi da kwangila. Shaidun da aka gabatar sun nuna ana raba riba da masu ƙera waya, ana biyan manyan kamfanonin wasa don kada su fara kai kayansu wani kanti, an kuma yi wa Spotify rangwame na musamman a ɓoye. Irin waɗannan takardu su ne dokar gasa ta Amurka ta fi iya kamawa. Tun a 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro miliyar 4,34 saboda tilasta wa masu ƙera waya su sa injin bincikensa da Chrome kafin a ba su Google Play.

Wanda ke shakkar ƙarfin wannan kanti ya dubi Huawei. Bayan takunkumin Amurka na 2019 kamfanin yana iya amfani da Android, tun da tushenta a buɗe yake ga kowa, amma sababbin wayoyinsa sun rasa Google Play da sauran ayyukan Google. Cinikinsa a wajen China ya faɗi ƙwarai, duk da kantinsa na AppGallery.

5. Hanyar Turai

Tarayyar Turai ta gaji da shari'ar da ke cin shekaru, sai ta yi doka a 2022 kan kasuwannin intanet, wadda ta kira manyan kamfanonin masu tsaron ƙofa, ta kuma shimfiɗa musu wajibai tun kafin a kama su da laifi. A watan Maris 2024 aka fara samun wasu kantuna a iPhone, cikin ƙasashen Tarayyar kaɗai. Amma Apple ya haɗa da sabon kuɗi: rabin yuro, wato kusan sefa 328, a kan kowane saukowa na farko a shekara bayan manhaja ta wuce miliyan ɗaya. Ga manhajar da ake bayarwa kyauta, a lokacin wannan ya isa ya hana ta fita daga tsohon tsari. A wannan wata Hukumar ta ci Apple tarar sama da yuro miliyar 1,8 kan ƙarar Spotify, a Afrilu 2025 kuma ta ƙara miliyan 500 (kimanin sefa miliyar 328), duka a kan hana faɗar farashi. Koriya ta Kudu ta riga su da dokar 2021 wadda ta ba da damar wata hanyar biya; can ma kamfanonin biyu kashi huɗu kawai suka sauke daga la'adarsu.

6. Abin da ya shafe mu

A Maraɗi ko Damagaram yawancin wayoyi na Android ne, musamman Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion. Mutane da yawa ba su da katin bankin da kantunan nan ke karɓa, kuma kuɗin intanet yana da tsada, shi ya sa ake tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender, ko a je wurin masu caji su ɗora wa mutum. Ke nan rigimar kashi 30 ba ta taɓa aljihunmu kai tsaye. Ƙa'ida ta farko, ta wanda ke da ikon buɗe ƙofa, ita ce tamu. A watan Agusta 2025 Google ya sanar da shirin cewa manhajar da za a ɗora a wayoyin Android masu hatiminsa, ko da ba ta kantinsa ta fito ba, sai wadda mai ita ya yi rajista ya nuna takardun shaidarsa, kuma za a fara da Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan a 2026. Dalilin da ya bayar shi ne tsaro, wanda Apple ya daɗe yana bayarwa. Bayan koke-koke, kamfanin ya ce zai bar wata hanya ga waɗanda suka ƙware. Ɗalibin da ya ƙera ƙamus na Hausa da Faransanci yana rarraba shi ga abokansa ta Xender yana cikin waɗanda shirin ya shafa.