Bayan dashen ido: yadda manomi zai tsare ganinsa

Ƴan uwa manoma, a gaban baƙin ido akwai wata ƴar fata garai kamar gilashin agogo. Likitoci suna ce mata korne. Ta nan haske yake shiga. Idan karan hatsi ko ƙaya ta soki ido, ko amodari ko ƙyanda ta ɓata shi, sai fatar ta yi fari. Shi ne hakiya. Hakiya dabam take da yanar ido, wadda take can ciki.

Wata hakiyar ana maganinta da dashe. Likita yana yanke fatar da ta lalace, ya ɗinka lafiyayya wadda aka samo daga idon mamaci da izini. Zaren ya fi gashin kai siriri. An fara cin nasarar aikin a 1905, a garin Olomuc na ƙasar Cek ta yau. Likita Eduwar Zirm ya yi ma wani ɗan ƙwadagon gona wanda farar ƙasa ta ƙone ma idanu. Ido ɗaya ya buɗe, mutumin ya koma aiki.

Amma ranar aiki mafari ce. Fatar ba ta da jijiyar jini, shi ya sa take jinkirin haɗewa. Zare yakan yi shekara 1 ko fiye a ido, gani kuma a hankali yake gyaruwa. Ga abin da za a kiyaye:

1. Maganin ɗigawa. A wanke hannu da sabulu, a ɗiga bisa lokaci. Kada a bari don ido ya yi sauƙi. Shi yake hana jiki ƙin sabuwar fatar. Likita kaɗai zai ce a rage.

2. Kada a murza ido. A kwana da murfin da aka bayar.

3. A makonnin farko, ban da ɗaukar buhu, jan guga da noma a duƙe. Wajen alwala da wanka, kada ruwa ya shiga idon.

4. A nisanci wurin sussuka da shiƙa, hayaƙin murhu da ƙurar hunturu. In za a fita, a sa tabarau.

5. Ban da kwalli, ruwan ganye ko maganin ƴan talla.

Alamu 4 ne ba a kwana da su: ido ya yi ja, yana ciwo, haske yana damunsa, ko gani ya ragu. Mai yiwuwa jiki ne ya fara ƙin dashen, ko da bayan shekaru. In an yi sauri, sau da yawa magani yana tsayar da abin. In an jira ranar kasuwa, fatar tana iya yin fari kuma. A Yamai akwai likitocin ido a babban asibitin ƙasa da na Lamorde. A tafi da takardun aikin da kwalaben magani.

Saboda haka, tun ba a yi aikin ba, iyali su zauna su shirya. Wa zai riƙe gona a damana? Ina kuɗin mota da na magani na shekara guda? A tambayi likita ranar komawa, a rubuta ta.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya.